Inna na son ta bar ƙwayar tansiyo ta koma jiƙo, mi za mu yi?

Wani ƙanenmu daga unguwar Zariya nan cikin Maradi ya aiko min tambaya, ga ta a taƙaice. Mahaifiyarshi ta haura shekara 60, shekara 3 ke nan da lokotoro ya ɗora ta kan ƙwayar amlodipine saboda tansiyo, wato hawan jini, yanzu ta ce ta gaji da haɗiyar ƙwaya kullum, ga kuɗi ga kuma ƙafafu na kumbura mata da marece. Maƙwabciya ta kawo mata jarkar jiƙo da ta saya jikka 2 wurin wani mai lasifika ranar kasuwa, wai shina wanke jini ya tumɓuke tansiyo tun daga saiwa, kuma dama tana shan bisap, wato zoɓorodo, da garin zogala. Shi ne yake son ya ji ko ta iya barin ƙwayar. Ya ƙara da cewa matarshi na da tsohon ciki, tsohuwa har ta fara tanadin kanwa da sabara da kayan bauri.

To ƙanena, sannu da ƙoƙari, Allah ya saka maka da alheri kan kula da Inna, ya sauki iyali lahiya. Bari in fara ba ka amsar kai tsaye kafin dogon bayani: kada ta bar ƙwayar. Bisap da zogala ta ci gaba da abinta, zan gaya maka yadda za a gyara shan su. Ita kuma wagga jarka a ɗauke ta daga ɗakin yau ɗin nan, kada a bari sai gobe.

Ni farmasiyan ne, na haura shekara 20 ina bayan kanta, amma kafin a sa ni lakkol hannun kakata na tashi, ungozoma ce a wani ƙauye cikin gulbi wajen Tibiri, kuma ni ne ɗan riƙon kwandonta in za ta shiga daji. Saboda haka ba za ka ji na raina itace ba har abada. Na ga yadda take ɗiban sassaƙen marke, ta sassaƙo kaɗan ta gabas kaɗan ta yamma, ba ta taɓa zagaye icce ta kware shi ba don ta ce kashe shi ne, in ta gama sai ta kwaɓa laka ta shafe wurin. In ta dawo gida ta shanya a inuwa kan tabarma, ba a rana ba. Kuma tana da wani ɗan ludayi ƙarami da bakinshi ya ɗan fashe, da shi kaɗai take auna wa mutane jiƙo, babba ludayi guda, matashi rabi, mai ciki kuwa akwai itatuwan da ko ta yi kuka ba za ta ba ta ba. Abu 3 ta sani kan kowane magani da ya fito hannunta: sunan iccen, yawan da za a sha, da wanda zai sha. Yanzu ka ɗauki jarkar Inna ka tambaye ta waɗannan 3 ɗin. Wane icce ne ciki? Nawa ne awon? Shi mai lasifikar ya taɓa ganin Inna, ya san shekarunta, ya san halin da ƙodarta ke ciki, ya san tana shan wata ƙwaya? Ko guda ba ka da amsa. Nan ne matsalar take.

Mutanenmu sun cika cewa ai na gargajiya ne, in bai yi magani ba ba ya cutarwa. Wallahi wanga zance ya kai mutane da yawa kabari. Duk abin da ke da ƙarfin da zai taɓa cuta to shina da ƙarfin da zai taɓa hanta da ƙoda. Kai kanka ka san tumfafiya, ka san abin da nononta ke yi wa ido, kuma cikinta akwai sinadarin da ke rikita bugun zuciya. Ka san zaƙami, ba banza anka sa mishi suna haukata yaro ba. Ƴaƴan bini da zugu da na zurma yara na ci su kwana suna amai da zawo. Ƙwayar rai ɗore, wanda ke tsirowa bayan kowane gida da damina, a arewacin Indiya an gano ita ce ke lalata hanta da ƙwaƙwalwar yaran da ke cin ta har da yawa sunka rasu. Man bedi da wasu ke ɗura wa jarirai ya sha jawo jijjiga da suma. Duk waɗannan itace ne, Allah ne ya halicce su, kuma kowane akwai inda yake da amfani in ya faɗa hannun wanda ya san shi.

Su ma ƙwayoyin da nake saidawa da yawansu daga itace anka samo su. Kinin daga ɓawon wani icce na Kudancin Amurka yake, wasu masana 2 a Faransa sunka tace shi a 1820. Metformine da masu ciwon suga ke sha, asalinta daga binciken wata ciyawa ce ta Turai. Coartem da muke ba yara in palu, wato zazzaɓin cizon sauro, ya kama su, tushenshi wani nau'in tazargade ne na ƙasar Sin, wata mata mai suna Tu Youyou da abokan aikinta sunka fitar da sinadarin a 1972 bayan sun bi tsofaffin littattafan maganin gargajiyarsu, har ta samu kyautar Nobel a 2015. Nan kusa da mu a Abuja an haɗa Niprisan don masu sikila daga masoro da kanumfari da karan dafi da wani icce guda. To mi ya bambanta ƙwaya da jiƙo tunda uwarsu ɗaya? Awo. Ƙwayar amlodipine ta miligiram 5 da Inna za ta sha yau, miligiram 5 ce gobe, ita ce bara, ita ce baɗi. Amma ganye ƙarfinshi na canzawa, wanda anka tsinka da damina daban da na bazara, na jigawa daban da na fadama, wanda ya kwana 3 cikin ruwa daban da wanda ya yi sati 2 cikin jarkar roba a rana har ya fara tsami. Shi ya sa ma hukumar lahiya ta duniya ta fito a 2019 ta ce ba ta goyon bayan shan shayin tazargade don maganin palu, don sai ya kashe rabin ƙwayoyin cutar ya bar rabi, waɗanda sunka rage su koyi jure maganin, mu wayi gari Coartem ɗin ma ya daina ci.

Akwai kuma abin da ya fi damuna da irin waɗannan jarkokin, kuma da idona na gani. Wata baiwar Allah ta taɓa shigowa farmasi sayen maganin ƙaiƙayi, ina ganin fuskarta gabana ya faɗi, ta yi zagaye ta cika kamar wata ɗan 14, wuya ya yi tozo ta baya, amma hannuwa da ƙafafu sun tsotse, fatar hannu ta yi laushi da tabo-tabo. Na ce Hajiya mi kike sha? Ta ce ba komi sai wani garin magani na sanyin ƙashi da take damawa a kunu, wata 8 ke nan, kuma wallahi yana yi mata aiki, ranar da ta fara sha gwiwa ta saki. Na roƙe ta ta kawo min, da ta kawo na zuba a farar takarda na baza, ga garin ganye kore-kore, ga kuma wasu ƴan ɓarɓashi farare ƙal da ba su daku ba. Ƙwayar bature ce anka daka ciki. Da ta tahi gidan likita anka auna, tansiyo ya hau, suga ya hau, alamun mai shan dexamethasone ne sak, kuma sai da lokotoro ya yi ta rage mata sannu-sannu don irin wanga magani in an daɗe ana sha ba a yanke shi rana ɗaya, yin haka na iya kashe mutum. Marasa tsoron Allah na daka dexamethasone da diclofenac cikin maganin sanyi, su sa ƙwayar ƙarfin maza cikin nasu tsimin, don mai saye ya ji aiki nan take ya dawo. Su biyun nan na farko duka suna ɗaga tansiyo, diclofenac kuma na cin ƙoda in an daɗe. Ka ga ke nan ana iya saida wa Inna abin da zai ƙara mata cutar da sunan maganinta. Ba na cewa kowane mai magani haka yake, a'a, akwai dattawa masu amana cikin garin nan da za su gaya maka sunan icce, har su ce wannan ba aikina ba ne tahi likita. Amma wanda ya ce magani guda na warkar da tansiyo da suga da basir da shawara da sanyi da rashin haihuwa, kuma in ka tambayi abin da ke ciki ya ce sirri ne, gobe kuma ya tada mota ya yi Tasawa ko Jibiya, wa za ka kama in abu ya ɓaci?

Sai maganar tumɓuke tansiyo daga saiwa. Irin tansiyon da ke kama manya mafi yawanshi ba ya warkewa, sai dai a riƙe mishi linzami, jijiyoyin jini ne sunka yi tauri da shekaru da gado da gishiri da ƙiba. Kuma mugun halinshi shi ne ba ya ciwo. Inna za ta iya barin ƙwaya ta yi wata 2 tana cewa ai ka gani garau nake, alhali awon tansiyon ya kai 18 ko 19, shina cin zuciya da ƙoda da ido a ɓoye, sai wata safiya a ga baki ya karkace hannu ya saki, a fara cewa iska ce ta buge ta ko jifa ne. Na ga gidaje da yawa da hakan ta faru, ɗawainiyar mai shanyewar ɓarin jiki ta shekara da shekaru ta fi kuɗin ƙwaya nesa ba kusa ba, balle wankin ƙoda.

Kumburin ƙafar da ta ce kuwa gaskiya ta faɗa, kada ku ƙaryata ta. Sanannen hali ne na amlodipine, musamman ga mata da wanda ke shan miligiram 10. Ku koma wurin lokotoron ku gaya mishi, zai duba ko daga ƙwayar ne ko zuciya ko ƙoda, in daga ƙwayar ne ya rage ko ya haɗa da wata ko ya canza gaba ɗaya, magungunan tansiyo iri-iri ne. Batun kuɗi kuma ka ce a rubuta muku jenerik a ordonas, wato irin ƙwayar mai araha, aikinsu ɗaya da mai tsadar. Amma a saya a farmasi ko depo na gaskiya, ban da na ƴan tebur da ke wuni cikin ranar Maradi.

Yanzu bisap. Wannan kam ina son shi, don shina cikin ƴan itatuwanmu da anka gwada kan mutane anka ga aiki. A wani gwaji da anka wallafa a Amurka a 2010, mutum 65 masu tansiyon da bai yi nisa ba, waɗanda sunka sha kofi 3 na ruwan zoɓorodo kullum har sati 6 lambar sama ta sauko musu da kimanin milimita 7. A irin lissafin da muke yi nan na 14/9, inda milimita 10 ne ke zama 1, bai kai 1 cif ba. Ka ga taimako ne na gaske, amma mai 17 ba zai dawo 13 da bisap kaɗai ba. Ta sha shi tare da ƙwayarta, a gida za a jiƙa ko a ɗan tafasa, a tace, ba sukari ko kuma ɗan kaɗan, in tana so a jefa citta. Wanda ake ƙullawa a leda ana saidawa bakin titi rabinshi sukari ne, shi ba magani ba ne. In ta fara jin jiri lokacin tashi tsaye a rage, kuma a gaya wa lokotoro tana sha, musamman in ya ɗora ta kan ƙwayar da ke sa fitsari.

Zogala kuwa abinci ne mai albarka, kuma Allah ya hore mana shi, ga Jiratawa nan kusa ana noman shi rani da damina. Ganyen na da sinadarin ƙarin jini da na gina jiki da na ƙarfin ƙashi da bitamin A. Ta ci kwaɗonta da ƙuli-ƙuli, ta ci dambu, ta barbaɗa garin a kunu. Amma gwaje-gwajen da anka yi kan mutane game da tansiyo da suga ƙanana ne, ba su kai a ce a ajiye ƙwaya saboda shi ba. Kuma ganyen nake nufi, saiwa da ɓawo wani abu ne daban, mai ciki ma kada ta kusance su.

In kana son ka ga lambar Inna ta sauko da gaske, leƙa madafa. Abin da hukumar lahiya ta duniya ta ce shi ne kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a wuni, wajen ƙaramin cokalin shayi guda, duka abincin yini ke nan fa. Mu kuwa tukunya guda a sa gishiri, a murza dunƙule 3 ko 4 wanda shi ma rabinshi ko fiye gishiri ne, a jefa kanwa don kuka ko kuɓewa ta yi yauƙi, ga yaji mai gishiri a gefe. Kanwa mutane ba su ɗauke ta gishiri ba don ba ta da ɗanɗanonshi, amma sinadarin sodiyom da ke ɗaga tansiyo shi ne jikinta. Ku riƙa ragewa kaɗan-kaɗan yadda harshe zai saba, a ƙara albasa da tafarnuwa da tattasai da daddawa don miya ta yi daɗi. Goro ma ta rage, in tana tauna taba da kanwa ta daina.

Wannan ya kawo ni kan maiɗakinka, kuma a nan ina roƙonka ka buɗe kunne da kyau. Tun shekarun 1970 likitoci a asibitin koyarwa na Zariya ta Najeriya, Davidson da Parry, sunka lura matan Hausawa na yawan zuwa da ciwon gazawar zuciya bayan haihuwa fiye da yadda ake gani wasu wurare, da sunka bi diddigi sai sunka danganta abin da al'adar jego: kunun kanwa mai yawa kullum, wankan tafasasshen ruwa safe da marece, da kwanciya kan gadon ƙasa da wuta ƙarƙashi har kwana 40. Kanwa na tara ruwa a jiki, zahi na ƙara wa zuciya aiki, ita kuma zuciyar ba ta gama hutawa daga ɗaukar ciki ba. Ba cewa nake a bar jego ba, hutun kwana 40 da kulawar uwa da abinci mai kyau gata ne da matan wasu ƙasashe ba su samu. A yi wanka da ganyen sabara, ba laifi, amma a surka ruwan ya zama wanda gwiwar hannunka za ta iya zama ciki, kada a yi wanda ke saɓule fata. Kunu a dama na gero da tsamiya ko na gyaɗa, a bar kanwar, in an ce dole to ɗan ƙanƙane ba kullum ba, in kuma an taɓa ce mata tansiyonta ya hau lokacin awon ciki to ko kaɗan. In ka ga maijego na haki, ba ta iya kwanciya sai an tara mata matasai, tana tari da dare, ƙafa da fuska na kumbura, ko ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, kada a ce ai ruwan jego ne bai ratsa ta ba a ƙara wuta, a ɗauke ta sai gidan likita a daren.

Jariri kuma nono kawai har wata 6, ko ruwa ba ya buƙata ko da bazara ce, in uwa ta sha ya sha. Dakashin farko mai kauri ɗin nan a ba shi, shi ne rigakafinshi na farko. Bauri kam a haƙura, hantar jariri da ƙodarshi ba su nuna ba, ludayin da babba zai sha ya tashi lahiya shi zai iya kwantar da shi, ga ruwan jiƙon kanshi da ke kwana cikin ƙwarya na kawo zawo, zawo ya ja tamowa. Zuma ma ba a ba yaro sai ya cika shekara 1. Cibiya kada a sa mata toka ko garin icce, sajfam, wato ungozomar gidan likita, za ta gaya muku abin da za a shafa.

Na san gaya wa uwa haka ba sauƙi, kai ɗa ne, ba za ka tsaya gabanta ka ce abin da ta gada daga iyayenta kuskure ne ba, kuma bai kamata ba. Ka bi ta da lalama. In ta kawo maka hadisin habbatus sauda ka ce gaskiya ne Inna, ki ci abinki, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi ne ya ce a nemi magani, Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta, ita ma ƙwayar cikin abin da ya saukar take. In da hali ka tahi da ita awon cikin matarka ta ji daga bakin sajfam da kunnenta, ko ka samu wata dattijuwa tsararta da take jin maganarta, tsofaffi sun fi karɓar zance daga junansu.

Sannan ka samo abin awon tansiyo na hannu, ko ku haɗa kuɗi da ƴan'uwa ku saya, ko a riƙa kai ta farmasi ko CSI, wato ƙaramin gidan likita, mafi kusa. Ta zauna ta huta minti 5, baya jingine, hannu kan tebur daidai ƙirji, ban da magana, a auna safe da marece har sati guda ka rubuta cikin kaye da kwanan wata. Abin da ake nema ya zauna ƙasa da 14/9. In ka ga 18/12 tare da ciwon kai ko ciwon ƙirji ko haki, ko baki ya karkace, ko magana ta sarƙe, ko hannu ya mutu ko da na minti kaɗan ne ya dawo, wannan ba a jira wayewar gari. Ranar komawa wurin lokotoro ka riƙe kayen, ka riƙe kwalin ƙwayar, ka zuba ɗan jiƙon a kwalba ka tahi da shi, ka gaya mishi kwana nawa ta yi tana sha, kada ka ɓoye don tsoron faɗa, ka roƙe shi ya rubuta mata analiz na ƙoda da na suga tunda ta riga ta sha abin da ba mu san ko mine ne ba. In sakamakon ya fito ka turo min hotonshi mu duba tare. Ka gaishe min da Inna da jiki.